Yadda Ake Yi wa Matashin Mayaƙi Murya a Salon Anime na Japan

Duk wanda ya ji Son Goku yana tara ƙarfi a Dragon Ball, shirin zane mai motsi na Japan irin wanda ake kira anime, ƙasa tana tsagewa, duwatsu suna tashi sama, zai rantse wani ƙaton namiji ne a gaban makirufo. Alhali Masako Nozawa ce, wadda aka haifa a 1936. Tana da shekara 49 lokacin da shirin ya fara fita a tashar Fuji TV a 1986, kuma ita ce ta ci gaba da riƙe muryar har Goku ya girma ya yi aure, sannan ta haɗa da muryoyin 'ya'yansa biyu, Gohan da Goten. Ba ita kaɗai ce macen da ke yin muryar yaro namiji ba. Mayumi Tanaka ke yin Luffy na One Piece tun 1999, Junko Takeuchi ta ɗauki Naruto a 2002, Romi Park ta yi Edward Elric na Fullmetal Alchemist, Megumi Han kuma ta yi Gon a Hunter x Hunter na 2011. Dalilin a fili yake: yaro na gaske muryarsa takan fashe da zarar ya fara balaga, shiri kuwa yana iya shekara goma ko ashirin ana yin sa, ga dokar aiki ta Japan da ta taƙaita lokutan da ƙaramin yaro zai iya aiki. Maza ma suna yi, kamar Natsuki Hanae mai muryar Tanjiro na Kimetsu no Yaiba da Daiki Yamashita mai muryar Deku na My Hero Academia. Saboda haka ko kai namiji ne ko ke mace ce, ƙofar a buɗe take.

Abin da na fi so ka riƙe tun daga nan shi ne wannan: yaro ba ya ƙoƙarin ya yi magana kamar yaro. Babba ne idan zai kwaikwayi yaro yake matse murya, ya siranta ta, ya sa mata shagwaɓa. Shi kuwa yaro ɗan shekara 12 da ya tsaya gaban wanda ya ninka shi girma, so yake a ɗauke shi babba. Yana buɗe ƙirji, yana danna muryarsa ƙasa iyakar ƙarfinsa, sai dai jikin bai kai ba, sai ƙuruciyar ta riƙa leƙowa ta gefe. Wannan leƙowar ita mai sauraro yake ji zuciyarsa ta karye masa. Idan ka fara daga siranta murya, za ka samu abin dariya. Idan ka fara daga yaron da ke son ya fi ƙarfinsa, muryar za ta zo da kanta.

Kafin ka buɗe baki, ka san yaron. Shekarunsa nawa? Naruto yana da 12 a farkon labarinsa, Edward 15, Luffy 17, kuma tsakanin 12 da 17 akwai tafiya mai nisa a murya. Me yake so, kuma me yake ɓoyewa? Maraya mai surutu don a kula shi daban yake da yaron da ya taso cikin ƙauna aka kashe masa dangi a dare ɗaya, ko da duka biyun takobi ɗaya suka riƙe. A Japananci marubuci yana nuna wannan tun daga kalmar da yaron ke kiran kansa da ita. Mai cewa ore yana da ɗan zafin kai da tinƙaho, mai cewa boku ya fi ladabi da kunya, Goku kuwa ora yake cewa, irin ta mutumin karkara, domin a kan dutse ya taso shi kaɗai da kakansa. Ko da wane harshe za ka yi aikin, ka yanke shawara irin wannan: yaronka yana gaishe da manya ko tsallake gaisuwar yake yi, yana kammala jimla ko yanke ta yake a tsakiya? Ka rubuta amsoshin a saman takardarka.

Sai wurin da muryar za ta zauna. Rufe baki ka yi gunji da sautin "mmm" har ka ji leɓɓanka da bayan haƙoranka na sama suna kaɗawa. Daga nan ka buɗe zuwa "ma, me, mi" ba tare da kaɗawar ta gudu ta koma maƙogwaro ba. Muryar matashi a gaba take zama, tana da haske, tana fita a miƙe. Idan ke mace ce, kada ki nemi kauri da yawa. Ki sauko kaɗan daga inda kike magana kullum, ki bar ƙirji ya shiga, sannan ki datse ƙarshen kalmomi, domin laushin da ke bin wutsiyar jimla shi ne yake tona asiri, ba tsayin muryar ba. Idan kai namiji ne, ka hau kaɗan, ka rage nauyin ƙirji, amma kada ka tsallaka zuwa siririyar muryar nan ta ƙarya, don ba za ta ɗauki ihu ba. Gwajin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: idan ba zan iya hira ta minti goma da muryar ba tare da maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi ba, to ba a wurin da ya dace na ajiye ta ba.

Numfashi kuwa daga ciki yake tasowa. Makarantun horar da masu murya a Japan, waɗanda ake kira yoseijo, da wannan suke farawa. Kwanta rigingine, ka ɗora littafi a kan cibiya, ka ja iska ta hanci har littafin ya ɗaga, kafaɗunka ba su motsa ba. Ka sake ta a hankali da sautin "sss", ka riƙa tsawaita lokacin kowace rana. Idan ka saba, ka yi a tsaye. Cikinka ya zama kamar zugazugin maƙeri, shi ke tura iskar, maƙogwaro hanya ce kawai. Ɗalibai a can kuma suna haddace Uiro-uri, doguwar maganar mai tallar magani daga wani wasan kabuki (wasan kwaikwayon gargajiya na Japan) na 1718, cike da kalmomi masu harɗe harshe, don baki ya saba da gudu ba tare da haɗiye haruffa ba. Kai ma ka nemi wani dogon sakin layi mai wuya a harshen da za ka yi aiki da shi, ka riƙa karanta shi kullum, da farko a hankali, daga baya da sauri.

Yanzu mu zo inda aikin yake, wato sautin faɗa. Mafi yawan abin da ake ji a fagen daga ba kalmomi ba ne. Nishi ne, haki, gurnani, tari, da iskar da ke kuɓucewa mutum idan an buge shi. Sau da yawa ba a rubuta waɗannan dalla-dalla a takardar wasa, sai dai a sa alamar adoribu, ma'ana mai murya ya cike gurbin da kansa yana kallon hoton. A nan ake gane wanda ya iya. Sabon shiga sauti ɗaya gare shi, "ha!", shi zai yi idan ya kai naushi, shi zai yi idan aka naushe shi. Jiki kuwa ba haka yake aiki ba.

Idan yaronka ne zai kai duka, akwai abu biyu: ɗan jan iska gajere kafin hannu ya tafi, sannan fitarta a dunƙule daidai lokacin da naushin ya sauka. Sautin yana fita gaba, wasalinsa a buɗe, kuma kai ne ka shirya shi. Idan shi aka buga, bai shirya ba, don haka babu jan iska kafin nan. Dukan ciki yana tunkuɗo iskar da ƙarfin tsiya, sautin ya fara da tsayawa a maƙoshi, wani abu kamar "guh", sannan ya biyo da shiru na daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin wanda aka nausa a ciki ba ya iya jan numfashi nan take. Wannan shirun shi ne zafin, kada ka cike shi. Dukan fuska ya fi gajarta, haƙora a haɗe, kai yana juyawa gefe, don haka kai ma ka ɗan kawar da bakinka daga makirufo. Yankan takobi kuma iska ake ja ta tsakanin haƙora, "tsss", kafin ihun ya biyo baya, in ma zai biyo. Faɗuwa daga sama tana da kashi uku: tsoron cikin iska, bugun ƙasa, da nishin da ke zuwa bayan jiki ya gane abin da ya same shi.

Wanda na fi ƙauna a cikinsu duka shi ne tashi bayan an kayar da shi. Ka zana abin a ranka. Yaron yana kife, kumatunsa a ƙasa. Numfashin farko ja ne mai karkarwa ta baki, a yanke biyu saboda haƙarƙari yana ciwo. Ya dafa hannu ɗaya, sai ɗan nishi a rufe, leɓɓa a haɗe. Gwiwa ta farko ta kafu, iska ta fita ta hanci. Hannun ya zame, wani gajeren sauti na takaici ya kuɓuce masa, wanda ya fi kama da fushi da kansa fiye da ciwo. Sannan ya miƙe, ya haɗiye yawu, ya riƙe numfashi don kada abokin gaba ya ji yana haki. Babu kalma ko ɗaya a nan, amma duk labarin yaron yana ciki. Ka naɗi wannan a wayarka, ka saurara da ido a rufe. Idan ka iya faɗin lokacin da gwiwar ta taɓa ƙasa da lokacin da hannun ya zame, ka samu.

Jikinka zai so ya shiga, kuma ya kamata ya shiga, amma ba da hayaniya ba. Ka kafa ƙafafu, ka dunƙule hannun da babu takarda a ciki, ka matse ciki lokacin duka. Ƙafa ba ta buga ƙasa, riga ba ta ƙara. Masu murya a Japan suna zaɓen tufafin da ba sa kwaramniya da takalma masu laushin ƙasa saboda wannan dalili. Hakin gudu kuma ka yi shi a taƙaice. Idan ka daɗe kana jan iska da sauri kanka zai yi jiri, don haka da ka ji kamar ana tsira wa yatsunka allura sai ka tsaya ka zauna.

Sai kiran sunan dabara, abin da aka fi sanin irin waɗannan shirye-shirye da shi. Dubi Kamehameha, sunan da Goku yake kira idan zai saki babbar dabararsa ta faɗa: gaɓa biyar ce, kuma ana jan kowace gaɓa ana hawa, ƙarfin duka yana jiran ta ƙarshe. Darasin da ke ciki ya shafi kowane kira. Kada ka fara da duk abin da kake da shi, domin idan ka fara a sama babu inda za ka hau. Fara a ƙasa, muryar a danne, kamar kana riƙe abin da yake son ƙwacewa. Ka ja iska inda ba za a ji ba, kafin gaɓar ƙarshe. Lokacin sakewa ka sauke muƙamuƙi, ka buɗe bayan baki kamar mai hamma, ka tura daga ciki, wuyanka a sake. Ka ja baya taku ɗaya daga makirufo, in ba haka ba sautin zai fashe a naɗi. Ka kuma yanke wa ihun ƙarshe: ko ya tsaya cak, ko ya tsage ya koma haki. Ihun da ya mutu a hankali don iska ta ƙare ba shi da daɗin ji.

Ra'ayina a nan mai ƙarfi ne. Yaron da ke ihu daga farkon shiri har ƙarshe yana gajiyar da kunne, kuma idan babban faɗan ya zo ba shi da sauran abin bayarwa. Natsuki Hanae ya burge ni a Kimetsu no Yaiba na 2019 saboda yawancin maganar Tanjiro a tausashe take, irin ta babban wa mai lallashin ƙanwarsa. Shi ya sa idan ya ɗaga murya ake jin wani abu ya tsinke. Don haka ka ba maganganun sanyi lokaci fiye da wanda kake ba ihu. Ga abin gwaji. Yaro ɗan shekara 14, an kayar da shi sau biyu, abokinsa yana kwance a bayansa. Ya juya ya ce wa abokin, "Kada ka motsa, zan dawo." Sannan ya fuskanci abokin gaba ya ce, "Ban gama ba." Jimlar farko ƙarya ce yake yi don ya kwantar da hankalin wani, saboda haka akwai murmushin dole a cikinta da karkarwar da yake dannewa. Ta biyu kuma ka gwada ta hanya uku: da ihu, da murya daidai, da ƙasa-ƙasa ta tsakanin haƙora. Ka saurari ukun. A kunnena ta ukun ce take tayar da tsikar jiki, amma kai ka yanke da naka kunnen, bisa yaron da ka rubuta a saman takarda.

Kuka ma haka. Matashin mayaƙi ba ya son a ga hawayensa, don haka abin da za ka yi shi ne ƙoƙarin hana kukan. Numfashi ya riƙa yankewa, murya ta hau ba da sonsa ba a kalma ɗaya, ya yi sauri ya dawo da ita.

Yana da kyau ka san yadda ake ɗaukar aikin a sutudiyon Tokyo, domin daga nan za ka tsara atisayenka. Suna kiran tsarin afureko: ana sa murya a kan hoto. 'Yan wasa suna taruwa a ɗaki ɗaya, makirufo uku ko huɗu a jere gaban allo, mutum goma ko fiye suna raba su. Mai magana ya shigo, ya faɗi nasa, ya zame gefe ba ƙara, na gaba ya maye gurbinsa, kowa riƙe da takardar wasa a hannu ɗaya, yana juya shafi ba tare da an ji ba. Ana raba shirin gida biyu, a yi gwaji tukuna, daraktan sauti ya ba da gyara daga bayan gilashi, sannan a yi ɗauka ta gaske, wadda suke kira honban. Sau da yawa zanen bai ƙarasa ba, layukan fensir ne kawai, sai wani ɗan akwati mai sunan yaron ya bayyana a allo muddin yana magana, ya ɓace idan ya gama. Annobar korona ta 2020 ta sa aka koma ɗaukar mutane kaɗan-kaɗan na wani lokaci, kuma 'yan wasa da dama sun yi kewar tsayawa kusa da wanda suke faɗa da shi. Kuɗin sabon shiga ba shi da yawa, abin da aka sani shi ne yen 15,000, kuɗin Japan, kan kowane kashi na rabin awa, ko layinsa ɗaya ne ko ɗari. Da yawa suna farawa ne daga gaya, wato hayaniyar taron jama'a a bayan fage.

A gida za ka iya kwaikwayon wannan. Zaɓi fage na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, ka kalle shi da sauti sau ɗaya kawai, sannan ka kashe sautin, don kada ka koma aku mai maimaita muryar wani. Rubuta maganar a takarda da manyan haruffa. Ka sa alama inda za ka ja iska, ka ja layi ƙarƙashin kalmar da ke ɗauke da nauyi, ka rubuta daƙiƙar da baki ya buɗe da wadda ya rufe. Bakin anime yawanci siffa uku gare shi, a rufe, rabin buɗe, da buɗe, don haka ba sai kowane harafi ya dace ba. Abin da ido ke kamawa shi ne farawa da tsayawa, da kuma ɗan dakatawa a tsakiya. Idan jimlarka ta fi bakin tsawo, ka rage kalmomi, kada ka ƙara gudu har maganar ta cakuɗe. Ka yi a tsaye. Ɗaki mai labule da katifa da kaya ya fi ɗaki fanko, domin bango tsirara yana dawo da amsa-kuwwa. Wayar ta kasance kamar taƙi ɗaya daga bakinka, a ɗan karkace, don iskar "f" da "b" kada ta buge ta. Idan ka samu aboki ya tsaya a matsayin abokin gaba, ko da bai iya ba, za ka ji bambanci nan take, saboda amsa wa mutum ya fi amsa wa allo rai.

Maƙogwaro kuma amana ce. Tantanin murya guda biyu ne ƙanana, suna haɗuwa suna rabuwa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, kuma yawan ihu ba bisa ƙa'ida ba yana sa su kumbura, har su yi ƙulli kamar kanta. Kada ka fara da ihu da sanyin murya. Ka ɗumama ta minti goma da gunji da kaɗa leɓɓa, kana hawa kana sauka. Ka jera aikin yadda maganganun sanyi za su zo farko, ihu ya zo ƙarshe, kuma babban ihu kada ya wuce sau biyu ko uku a zama ɗaya. Ka riƙa kurɓar ruwa tun kafin ƙishi ya zo. Idan ka ji zafi ko kaifi a wuya, ka tsaya a ranar, domin ihun da aka yi daidai ciki da baya yake gajiyarwa, ba maƙogwaro ba. Idan muryar ta dishe, ka yi shiru, kada ka koma raɗa, don raɗa ma tana wahalar da tantanin. Dishewar da ta wuce mako biyu kuwa, sai a je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ya gani.